Babbar jaka mai ƙarafa talatin ko ƙugiya ɗaya da kwaɗon gaske: da wanne mai koyon buɗe kwaɗo zai fara?

Ɗan'uwa, ka ce kana son koyon buɗe kwaɗo ba da makulli ba, don sha'awa kawai, kuma hanya biyu ta tsaya maka. Ta farko ita ce jakar nan da ake talla a AliExpress da ire-irensa, mai ƙarafa ashirin ko talatin, haɗe da kwaɗon roba garai-garai da ake ganin cikinsa. Ta biyu kuwa ka sayi ƙugiya ɗaya ko biyu masu nagarta da ƙarfen murɗawa, ka shiga kasuwa ka sayo kwaɗon ƙarfe na gaske. Ni ta biyun zan nuna maka. Ta farkon ma tana da ranarta, sai dai ranar gajeriya ce, kuma dalilin yana cikin yadda kwaɗon kansa yake aiki.

Yawancin kwaɗunan da muke rataya wa shago da ɗaki suna bin tsarin da Ba'amurke Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a 1861 da 1865. Akwai silinda da makulli ke shiga, a samanta ramuka huɗu zuwa shida, kowane rami da fil biyu, ɗaya kan ɗaya, da ɗan sifirin yana danna su ƙasa. Fil na sama shi ne ya tokare silinda ya hana ta juyawa. Makullin gaskiya yana ɗaga kowane fil daidai gwargwado, har mahaɗar fil biyun ta zo daidai bakin silinda, sai ta juya. Abin da ya ba mai ƙugiya ƙofa shi ne babu injin da ke huda ramukan nan a layi ɗaya cif. Idan ka ɗan murɗa silinda da ƙarfen murɗawa, fil ɗaya ne zai riga sauran cijewa. Ka lalubo shi da ƙugiya, ka ɗaga shi a hankali har ka ji ɗan ƙas, silinda ta motsa kaɗan ta riƙe shi, sai wani ya cije. Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wasan ke nan, kuma da yatsu ake yin sa, ido ba ya shiga ramin makulli.

To a nan ne kwaɗon roba yake da amfani, a nan ne kuma yake cutarwa. Amfaninsa, a zama ɗaya za ka ga duk abin da na bayyana da idonka: yadda fil ke hawa, yadda sifirin ke matsewa, da abin da ke faruwa idan ka tura fil ya wuce inda ya kamata ya tsaya, na ƙasan ya shige ya tokare silinda. Wannan darasi ne mai kyau. Amma roba ba ta magana kamar tagulla. Ramukanta sakwa-sakwa ne, cijewar fil ba ta fitowa sosai a hannu, wani lokaci ma da ka zura ƙarfe ka ɗan girgiza sai ya buɗe. Mai koyo sai ya saba da kallo, ya ɗauka ya iya, ranar da ya riƙe kwaɗon ƙarfe sai ya ji kamar bai taɓa farawa ba. Idan jakar ta riga ta zo hannunka, ka yi kwana biyu kana kallo, daga nan ka naɗe kwaɗon da tef ko ka rufe ido, sannan ka ajiye shi ka koma ƙarfe.

Sai maganar ƙarafan. Jaka mai yawa tana burge ido, amma akasarin siffofin da ke ciki ko ƙwararru ba sa taɓa su. Ƙarfen kuma sau da yawa mai taushi ne, yana lanƙwashewa da ƙaramin ƙarfi, gefensa da kaushi yana kartar cikin kwaɗo. Ƙarfen da ke lanƙwasa yana shanye saƙon da ya kamata ya iso yatsanka, kaushin kuma yana ba ka ƙas ɗin ƙarya, ka zaci fil ne ya zauna alhali ƙugiya ce ta maƙale. Kamfanonin da masu wannan wasa suka yarda da su, irin su Sparrows na Kanada, Peterson da SouthOrd na Amurka, da Multipick na Jamus, suna sayar da ƙugiya ɗai-ɗai. Gajeriyar ƙugiya mai kaurin milimita 0.6 ta isa farawa. Daga baya, idan ka kai ga kwaɗunan Turai masu matsattsen rami mai lauje-lauje, sai ka nemi mai 0.5 ko 0.4.

Inda jakar araha ta fi gazawa ma ba ƙugiya ba ce, ƙarfen murɗawa ne. Sabon shiga yana ɗaukarsa ɗan rakiya, alhali rabin aikin a kansa yake. Ta cikinsa kake jin silinda ta motsa, da shi kake ƙara matsi ko ka sassauta. Kuskuren da kusan kowa ke fara yi shi ne dannawa da ƙarfi har farcen yatsa ya yi fari, duk fil ɗin su ƙame, ƙugiya ta lanƙwashe. Matsin da ake so bai wuce na danna maɓallin waya ba, sai ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har fil ɗaya tak ya cije. Kuma dole ƙarfen ya zauna daram a ramin makulli, ba ya rawa. Shi ya sa ake son kauri biyu ko uku, wani na zama a ƙasan rami, wani a sama don ya bar wa ƙugiya fili. Wannan kam ba sai ka yi oda daga waje ba. Siririn ƙarfen da ke cikin robar waifar mota, wanda makanikai ke zubarwa, shi masu wasan a ko'ina suke yankawa su lanƙwasa bakinsa da filaya. Ka bi shi da magagari da samfefa mai laushi har ya yi sumul, ya zama kayan aiki.

Akwai kuma bambancin abin da kowace hanya ke koya wa hannu. Babbar jaka cike take da ƙarafa masu tudu-tudu da ake zurawa a ja a mayar da sauri, irin wanda ake kira Bogota, har fil ɗin su faɗa wurinsu bisa sa'a. Yana aiki a kan kwaɗo mai araha, wani lokaci cikin daƙiƙoƙi, kuma daɗin buɗewar farko ba ƙarami ba ne. Ban hana ka mallakar guda ɗaya ba. Sai dai bayan ya buɗe ba ka san me ya faru a ciki ba, kuma da ka haɗu da kwaɗo mai fil na tsaro, sa'ar ta ƙare. Wani fil ɗin an yi masa siffar kalangu, tsakiya siriri, kai biyu masu faɗi. Idan ka ɗaga shi, sai silinda ta juya sosai kamar za ta buɗe ta tsaya cak, gefen kalangun ya maƙale. Maganinsa sai ka gano fil ɗin da in ka taɓa shi silinda ke turo ƙarfen murɗawa baya, ka sassauta yatsa ka bar ta ta koma kaɗan, ka ɗaga shi ya haye. Wanda ya fara da ƙugiya zai gane wannan turowar ranar da ya fara jin ta. Wanda ya saba da ja-in-mayar sai ya koma farko ya koyi lalube.

Game da kwaɗon da za ka saya, ƙungiyar Lock Pickers United ta jera kwaɗuna bisa wuyar buɗewa da launin ɗamara irin na 'yan karate, daga fara zuwa baƙa. Master Lock lamba 3, mai fil huɗu ba na tsaro ko ɗaya, yana can ƙasa, kuma da shi mutane da yawa suke farawa. Bayansa Master Lock 140, sai ABUS 55/40 na Jamus mai fil irin na kalangu, sai American Lock 1100 da ke ɗamara koriya, wanda ke haɗa fil masu tsage-tsage. Idan waɗannan sun yi maka nisa, kwaɗon tagulla matsakaici irin Tri-Circle da ke kasuwanninmu ya wadatar. Amma ka duba makullin kafin ka biya: wanda kake so shi ne falle mai haƙora a gefe ɗaya. Idan makullin rabin-da'ira ne da yanka a karkace, irin na wasu kwaɗunan babur, faya-fayai ne a cikinsa, tsarin da Emil Henriksson na Finlan ya ƙirƙiro a 1907 wanda ya zama kwaɗon Abloy, kuma ƙugiyarka ba ta da aiki a wurin. Haka kubar ƙofa mai dogon makulli, kayanta daban. Ka sayi kwaɗo uku ko huɗu mabambanta, domin idan ɗaya ne za ka haddace shi ne kawai, hannunka ya riƙa bin hanyar da ya sani ba tare da ya ji komai ba. A kuɗi kuwa, abin da za ka kashe a babbar jaka ya fi amfani a kan waɗannan.

Wasan yana da mutanensa da tarihinsa. A 1851 Alfred Hobbs ya zo Landan daga Amurka ya buɗe kwaɗon kamfanin Bramah da aka daɗe da kafewa a tagar shago da alkawarin kuɗin Ingila gini 200 ga wanda ya iya, ya kwashe awa 51 cikin kwana 16 yana fama. Yau akwai ƙungiyoyi kamar SSDeV da aka kafa a Jamus a 1997 da TOOOL da aka kafa a Holan a 2002, suna shirya gasa a fili. Dukansu a kan ƙa'ida biyu suke: ba ka taɓa kwaɗon da ba naka ba sai da izinin mai shi, kuma ba ka taɓa kwaɗon da ake amfani da shi, ko da naka ne, don sifirin na iya lalacewa ko bakin ƙugiya ya karye a ciki ka kwana a waje.

A wurinmu zan ƙara ta uku, kuma da gaske nake: kayan nan su zauna a gida. Sashe na 417 na kundin laifukan da ake aiki da shi a kudancin Najeriya ya mayar da riƙe kayan fasa gida da dare ba tare da hujja ba laifi, kuma wanda aka kama da su shi zai kawo hujjar. Japan ma tun 2003 ta hana mallakarsu ba da dalili ba. Kafin ma a kai ga kotu, ka san abin da ihun ɓarawo ke jawowa a kasuwa ko tasha, babu mai tsayawa ya ji cewa sha'awa ce. A nan ma ƙugiya biyu a aljihun tebur sun fi jaka mai zif da ke jan mutum ya fita da ita ya nuna wa abokai. Idan maƙwabci ya ɓatar da makullinsa ya ce ka taimaka, ka raka shi wurin mai yankan makulli da unguwa ta sani, kai kuma ka ci gaba da naka kwaɗunan a ɗaki.