Kantin Aldi a Ingila: abin da ma'aurata masu ƙaramin alawus za su samu, da abin da ba za su samu ba

Malamin da ya tashi daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo zuwa digiri na uku a Ingila tare da maiɗakinsa, kuɗinsa sun fara zuba tun kafin ya hau jirgi. Kuɗin lafiya na biza fam 776 ne a shekara kan kowane mutum, kuma sai ya nuna yana da fam 680 na kowane wata har wata 9 domin matar, in ba a Landan za su zauna ba. Alawus ɗin da hukumar bincike ta ƙasar ta tsayar a zangon 2025/26 fam 20,780 ne a shekara, wato kusan 1,730 a wata, kuma mutum ɗaya aka yi wa lissafin. Haya da ɗumama ɗaki ba sa jin rarrashi. Cefane kaɗai ake iya matsewa, shi ya sa kowa ke nuna wa baƙo hanyar Aldi.

Kanti ne na Jamusawa da ya shiga Birtaniya a 1990. Sirrin arhar tasa ba boyayye ba ne: kayan ba su da yawan iri, akasari tambarin kantin ne a jikinsu, kuma a cikin kwalinsu ake jera su. Babu tayi, babu gyara, babu "Alhaji ƙara mini albasa ɗaya" irin na Tsohuwar Kasuwa.

Inda ya ci yabo shi ne kayan miya da na karin kumallo. Tumatirin gwangwani mai giram 400, guda biyu da tattasai uku da albasa sun isa miyar mutum biyu ta kwana biyu. Yogot marar sukari yana tsayawa a madadin kindirmo. Man gyaɗar shafa burodi, in aka duba aka ɗauki wanda gyaɗa ce zalla, yana yin kunun gyaɗa da miyar taushe. Wanda aka zuba wa sukari kuwa zai ɓata tukunya. Akwai wata doguwar kabewa mai wuya kamar gora, da alayyahu, da ƙwai, da madara, da kifin firiza. Duk mako biyu ana karya farashin kayan lambu da 'ya'yan itace iri shida, kuma mai dabara a kansu yake tsara girkin makon. Albasar dai ba ta kama ƙafar ta Wurno wajen yaji, amma tana yi.

Sai dai ba a gama cefanen gidan Basakkwace a nan. Naman da ke kan kanta ba a ɗauke shi halal sai an ga shaida a jiki, saboda haka nama da kaza sai mahautan Pakistan, inda kuma ake samun shinkafa buhun kilo 10 maimakon ƙullin kilo ɗaya-ɗaya, da attarugu. Gero, kuka, daddawa da manja sai shagunan 'yan Afirka, da tsadarsu. Kada a ce za a yi guzurin kilishi da man shanu daga gida: doka ta hana shiga da nama da kayan nono daga Nijeriya, ƙwacewa ake yi a filin jirgi. A alewa da kayan zaƙi ma a karanta bayan leda, don wasu da sinadarin ƙashin alade ake daskarar da su.

Kurakuran sabon zuwa kusan iri ɗaya ne. Kayan da aka manna wa jan tambarin ragi galibi ranarsu ce ta kusa ƙarewa, in ba a dafa a daren ba ko a jefa firiza, arha ta koma asara, ga firjin gidan haya ɗan mitsitsi. Layin tsakiyar kanti, wanda ake sabuntawa Alhamis da Lahadi da barguna da tukwane da kayan aiki, shi ne ramin da alawus ke faɗawa. A shiga da takardar cefane a hannu. Zuwa sau uku a mako a bas yana cinye ribar, gara sau ɗaya da jakar baya.

A riƙe kwandalar fam ɗaya don ciro keken kaya, tana dawowa in an mayar. A zo da leda daga gida, ta kantin saye ake yi. Mai karɓar kuɗi yana da saurin hannu, a mayar da kayan cikin keke a je kan dogon bencin gefe a shirya. Ranar Lahadi kuma awa shida kawai manyan kantuna ke buɗewa a Ingila, galibi ƙarfe 10 zuwa 4.