Sharhi kan wufar mota ta Rockford Fosgate P300-12

Mafi yawan masu mota da ke kokawa cewa bes ɗinsu, wato sauti mai kauri na kiɗa, ya mutu ko yana kakari suna gaggawar sayen sabuwar wufa (lasifikar da ke fitar da bes), alhali sau da yawa laifin ba na lasifikar ba ne. Saboda haka, kafin in yaba wa wannan na'ura, ya kamata a fara gwada tsohuwar da mitar awon lantarki. Lasifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar da lantarki ke fuskanta wajen wucewa) takan nuna tsakanin om 3 da 4 idan lafiyarta ƙalau. Idan mitar ba ta nuna komai ba, ko kuma aka ji ƙarar gogayya yayin da aka danna fuskar lasifikar a hankali da yatsu, to kwail ɗinta, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta, ya ƙone. Idan kuwa ta nuna lafiya, sai a duba fiyus da kuma wayar da aka ɗaure a jikin motar, wadda dole ta zauna a kan ƙarfe tsirara da aka kankare fentinsa.

Ga wanda ya tabbatar lasifikarsa ta ƙone, P300-12 zaɓi ne da na gamsu da shi. Lasifika ce mai inci 12 a cikin rufaffen akwati, tare da amfilifayarta, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai wat 300 a jikin akwatin. Babbar fa'idarta a wurina ita ce kamfanin da kansa ya daidaita ƙarfin amfilifayar da abin da lasifikar za ta iya ɗauka, don haka an huta da lissafin om da wat, wanda a nan ne mutane da yawa suke kuskure har su ƙona kayansu. Tana kuma karɓar sauti kai tsaye daga wayoyin lasifikun mota, wato ba sai an cire rediyon da motar ta zo da shi ba.

Sautinta a matse yake, mai tsafta, kowane bugun ganga yana fita ya tsaya inda ya kamata ba tare da ya ja jela ba. Sai dai ba a samun wannan sai an zauna an saita ta. Matatar sautinta, wadda ke tare siririn sauti ta bar mai kauri ya wuce, tana tafiya daga hatz 50 zuwa 200 (hatz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), kuma ni wajen 80 na fi so, domin idan an wuce haka da yawa muryar mawaƙi takan fara fitowa daga but. Akwai makunnin da ke juya bugun lasifikar tsakanin digiri 0 da 180; a gwada duka biyun daga kujerar direba, a bar shi inda bes ya fi cika. Maɓallin daidaita shigar sauti kuwa ba na ƙara murya ba ne, kuma murɗe shi har ƙarshe yana gurɓata sautin, ya zafafa kwail.

Wanda yake neman rugugin da ke girgiza gilashi zai fi jin daɗin akwati mai hudar iska da amfilifaya ta daban, kuma akwatin nan yana cin wuri a but. Wayar wutar da za ta zo daga batir ta kasance mai kauri ta jan ƙarfe, a sa mata fiyus a wurin da bai wuce santimita 45 daga batirin ba.