ThinkPad T480 ta hannu: abin da na gani bayan na yi aiki da ita

Duk wanda ya nemi shawarata kan kwamfutar da zai saya da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, sunan da nake fara ambata masa shi ne Lenovo ThinkPad T480. Ba sabuwa ba ce, a 2018 ta fito, kuma tawa ma ta hannu na saya, irin waɗanda 'yan kasuwa ke kira London yus. Da ita nake haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai a Excel, da ita nake buga takardu, da ita nake shiga taron Zoom, kuma har yau ba ta ba ni dalilin neman wata ba. Babban abin da ya sa nake yabon ta shi ne ana iya buɗe cikinta, a cire abin da ya gaji, a sa sabo.

Kafin na saye ta na yi ta kai-kawo tsakanin laftof da kwamfutar tebur. Ta tebur ta fi araha idan aka kwatanta ƙarfi da ƙarfi, ta fi samun iska, gyaranta ya fi sauƙi. Amma da zarar an ɗauke wuta ta mutu nan take, sai ka haɗa mata da UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe ta in wuta ta tafi, ga sikirin daban, ga kibod daban, kuma tana shan wuta fiye da abin da ƙaramar sola ta gida za ta ɗauka cikin kwanciyar hankali. Akwai irin wadda aka haɗe komai a bayan sikirin, kyakkyawa ce a ofis, sai dai in sikirin ɗin ya fashe duka ta tsaya. Akwai 'yan ƙananan nan masu kamar akwatin dikoda, su ma babu batir. Tablet kuwa ta karatu da kallo ce, ba ta wanda zai wuni yana shigar da maki ba. Ga mai zama inda wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, laftof ce amsa, domin da batirinta take tafe.

To a batir ɗin ne T480 ta yi wa 'yan'uwanta zarra. Batir biyu gare ta: ɗaya a ciki mai 24Wh (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), ɗaya a waje wanda ake zarewa da hannu ba tare da sukundireba ba. Na wajen kala uku ne, 24Wh da 48Wh da 72Wh. Idan ka sa babban, jimilla ka samu 96Wh ke nan. Abin da ya fi burge ni shi ne kana cikin aiki za ka iya zare na waje ka sa wani, kwamfutar ba za ta mutu ba, saboda na ciki yana riƙe da ita. Ni babban na sa. Yana ɗan ɗaga bayanta ya ƙara mata nauyi a jaka, amma ɗagawar ma alheri ce, don iska na shiga ƙasanta sosai. Da shi nake wuni ina rubutu ba tare da na waiwayi soket ba. T490 da ta biyo bayanta ba ta da wannan tsari, batir ɗaya ne a ciki, shi ya sa har yanzu masu sanin kan kwamfuta suke neman T480 musamman.

Sai dai batirin kayan hannu sai an yi hattara. Wanda ya zo da tawa ya riga ya sha jiki, ko da yake mai shagon cewa ya yi, "Malam, wannan ai sabo ne fil, ka je ka gwada." Hanyar ganewa ba wuya: ka buɗe wurin rubuta umarni na Windows ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar maka da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma abin da ya rage masa yanzu. Da wannan rahoton na nuna masa, muka daidaita, ya rage min kuɗi. Caja kuwa ta USB-C ce, mai 65W ta fi dacewa, kuma in ta lalace ba sai ka sha wahalar neman mai irin bakinta ba.

Furosesa, wato inda ake yin duk lissafin da kwamfuta ke yi, tawa Core i5-8250U ce, ƙarni na takwas na Intel. A nan ne ake yi wa mutane da yawa rufa-ido. Mai saye ya ji an ce "i7" sai ya ɗauka ya gama, alhali lambar da ke biye ita ce magana, domin ita ke nuna ƙarnin, kamar 8 ɗin farkon 8250U. A jerin furosesoshin laftof masu harafin U, na ƙarni na bakwai cibiya biyu gare su, wato sassan da ke raba aikin lissafin a tsakaninsu, ko da i7 ne, na takwas kuwa irin wannan i5 ɗin cibiya huɗu. Saboda haka i5 ta ƙarni na takwas tana iya shan gaban i7 ta bakwai a aiki mai yawa. Kuma akwai T480 da aka fitar da furosesa ta ƙarni na bakwai, jikinsu iri ɗaya sak, sai ka shiga ciki ka karanta lambar. Abin ya wuce maganar sauri kawai: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na takwas take farawa, ban da 'yan ƙalilan. Wanda ya sayi ta bakwai yau ya sayi abin da sabunta tsaronsa zai zame masa ciwon kai.

Ram ita ce ta biyu da na duba. Kamar teburin tela take: komai ƙwarewarsa, in teburin ƙarami ne sai ya yi ta naɗe wani yadi kafin ya shimfiɗa wani. Tawa da 8GB ta zo. Tana yin aiki, amma in na buɗe shafuka da yawa a Chrome ga Excel ga WhatsApp, sai ta fara jan ƙafa. T480 tana da gurbi biyu na DDR4, babu ko ɗaya da aka liƙe a jikin madabod, wato babban allon da duk kayan cikin ke haɗe da shi. Na sayi wata 8GB na ƙara, ta koma 16GB, jan ƙafar ya tafi. Aikin bai wuce kwance sukurorin murfin ƙasa da danna ram ɗin cikin gurbinta ba. Lenovo ta ce tana ɗaukar har 32GB. Mai saye ya lura da T480s, mai ƙaramin s a ƙarshe. Ta fi siranta da sauƙin ɗauka, amma wani ɓangaren ram ɗinta a liƙe yake, gurbi ɗaya kawai ya rage, batirinta kuma ɗaya ne.

Ma'ajiya kuwa, ban yarda kowa ya sayi kwamfuta mai tsohon had disk a wannan zamani ba, ko da an ce masa 1TB ne. Had disk faifai ne ke juyawa a ciki da allura tana bin sa, shi ya sa yake da nawa, kuma faɗuwa ɗaya ko girgizar Keke Napep a hanya marar kyau tana iya tafiya da aikin shekara. SSD, wato ma'ajiyar zamani da ta maye gurbinsa, babu abin da ke motsi a cikinta. Tawa 256GB ce, kafin ka gyara zama ta kunnu. Na gwammace 256GB na SSD a kan 1TB na had disk, hotuna da bidiyo in zuba su a na waje. In ta cika, ita ma cirewa ake a sa babba.

Inda ban gamsu ba shi ne sikirin. Inci 14 ne, kuma iri-iri ne. Akwai mai 1366x768, wanda kalarsa ke dusashewa da ka ɗan karkata kai. Ban ba kowa shawarar sa ba. Nawa mai 1920x1080 ne, rubutu na fita tar, amma haskensa matsakaici ne. A cikin ɗaki lafiya lau, a tsakar gida da rana kuwa sai ka nemi inuwa. Mai aikin zanen fosta ko gyaran hoto da ke son kala ta fito daidai zai buƙaci sikirin na waje. Lasifikanta a ƙasa suke, muryarsu ba ta da kauri. Kyamarar ta isa taro, ba ta wuce nan ba. Ɓangaren hoto na yawancinsu Intel UHD 620 ne, ba na manyan wasanni ko haɗa dogon bidiyo ba. Wanda wannan ce sana'arsa ya tara kuɗi ya haɗa ta tebur mai katin hoto na musamman, zai fi samun biyan buƙata.

Kibod ɗinta kuwa sai dai a ce ma sha Allah. Tun zamanin IBM, wadda ta fara fitar da ThinkPad a 1992 kafin Lenovo ta sayi sashen kwamfutocinta a 2005, an san su da daɗin rubutu, kuma wannan ba ta ba da kunya ba. Maɓallan suna nutsewa daidai, yatsu ba sa gajiya. Jan maɓallin nan na tsakiya da ke motsa kibiya, wasu ba sa taɓa shi, ni kuwa na saba da shi har ina neman sa a kwamfutar wasu. Ƙofofinta ma sun wadatar: USB na gargajiya biyu, USB-C, HDMI na haɗa furojekta, gurbin katin kyamara, da na wayar intanet wanda siraran laftof na yanzu suka watsar. A ofishin da Wi-Fi ke yankewa za ka san darajarsa.

Zafi da ƙura su ne abokan gabar kowace laftof a wajenmu. Lokacin hunturu ƙura kan toshe ramukan fanka, sai bazara ta zo a Afrilu ka ji fankar tana kuka kwamfutar kuma tana rage gudu don kada ta ƙone. Na kai tawa wurin mai gyara ya busa fankar, ya goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, ya shafa sabo, kukan ya ragu sosai. Ya ce min, "Yallaɓai, irin wannan ba ta ba mu wahala, kayanta na nan birjik." Gaskiya ya faɗa. Kamfanoni a Turai da Amurka sun saye su da yawa wa ma'aikatansu, da suka sauya sai suka kwararo kasuwanninmu, daga Computer Village ta Ikeja har shagunan Kano da Kaduna, don haka kibod da batir da fanka da sikirin duk ana samu. Ɗora ta a kan katifa ko bargo dai a daina, nan ne iskar ke toshewa.

Abu na ƙarshe da zan ja kunnen mai saye a kai shi ne BIOS, wato shafin saitin asali na kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi. Da yake daga kamfanoni suke fitowa, wasu na zuwa da kalmar sirri ta shugaban sashe a kulle. Kwamfutar za ta kunnu ta yi aiki kamar ba komai, sai ranar da kake son sauya wani saiti ka tarar da ƙofa a rufe, kuma cire wannan kulle ba ƙaramin aiki ba ne. Tun a shagon ka kashe ta, ka kunna, ka danna F1, ka tabbatar ka shiga kuma kana iya sauya abubuwa. Ka gwada caji, ka danna kowane maɓalli, ka buɗe farin shafi ka duba ko akwai tabo a sikirin, sannan ka nemi a rubuta maka kwanakin garanti a jikin rasit kafin ka miƙa kuɗi.