Gilashi, madubi ko gwajin DNA: me za ka saya don tantance limfet?

Mai son rarrabe jinsunan limfet, katantanwar tekun nan mai ƙoƙo kamar malfa da ke manne wa duwatsun gaɓa, kada ya amince wa ƙoƙon. Siffarsa tana bin wurin zama ne: na tudu, inda ruwa ke daɗewa bai kai ba, ya fi tsini, na ƙasa ya fi faɗi, alhali jinsinsu ɗaya. To ina ya kamata kuɗinka su tafi?

Mafi araha shi ne gilashin hannu mai ƙara girma sau 10, kuma ba abin rainawa ba ne. A gaɓar Ingila da Faransa, inda Patella vulgata da Patella depressa da Patella ulyssiponensis ke zama tare, kifar da dabbar kawai ake yi tana da rai a duba ƙafarta, wato tsokar ƙasanta da take manne wa dutse da ita. Ta depressa baƙa-baƙa ce, 'yan gashin gefen jikinta farare fat. Ta ulyssiponensis ruwan lemo ce ko ruwan madara, ta vulgata kuwa toka-toka mai sirkin kore. Launin yakan dushe in an jiƙa dabbar a sinadari, don haka ka ɗauki hoto tun a bakin ruwa.

In kana da hali, madubin ƙara girma mai ido biyu ya fi cancantar kuɗinka, wanda ke kaiwa sau 40. Da shi ake zaro radula, harshen dabbar mai jeren haƙora, a gwada tsawonsa da na ƙoƙo, a duba siffar haƙoran. Sau ɗaya za ka saya. Madubin lantarki kuwa, babbar na'urar ɗakin bincike mai ƙara girma sau dubbai, ba na saye ba ne, haya ake yi.

Gwajin DNA ya zama dole ga masu tsananin kama, irin su Lottia digitalis da Lottia austrodigitalis na gaɓar Kalifoniya. Galibi ana karanta wani yanki na ƙwayar gado da ake kira COI, mai harufan DNA kusan 650, kuma kowane samfur da kuɗinsa. Sai dai COI ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, ba zai tona maka ruwa-biyu ba sai an haɗa da wani gwajin. A GenBank ma, rumbun bayanan DNA na intanet da ake kwatanta sakamako da shi, akwai bayanan da aka laƙaba wa sunan da ba nasu ba.

Ni dai shawarata, fara da gilashi da madubi, waɗanda suka gagara kaɗai za ka tura gwaji. Amma tun ranar farko ka tanadi etanol mai ƙarfin kashi 95, don adana dabbar, domin fomalin, wani sinadarin adanawa da aka saba amfani da shi, yana lalata DNA.