Sharhi a kan Karin: 'yar gidan mashaya jini da jini ya yi wa yawa

Na gama kallon Karin, katun ɗin Japan mai kashi 24 wanda kamfanin J.C.Staff ya shirya, aka haska shi a tashar WOWOW daga ƙarshen 2005 zuwa 2006. Asalinsa littafin zane ne na Yuna Kagesaki, wanda a Amurka aka buga shi da suna Chibi Vampire. Na kalle shi da muryoyin Japananci, fassarar Turanci na bi ta ƙasa, kuma tun daga kashi na farko labarin ya kama ni.

Karin Maaka yarinya ce 'yar sakandare, ɗiya ta tsakiya a gidan mashaya jini. Mahaifinta Henry, mahaifiyarta Calera da yayanta Ren duk ba sa iya fita rana, sai dare ya tsala suke tashi neman wanda za su tsotsa. Ita kuwa Karin ta fito daban. Tana zuwa makaranta da safe, tana cin abinci kamar kowa, tana aikin bayan makaranta a wani gidan abinci mai suna Julian. Matsalarta ita ce jikinta yana ƙera jini fiye da kima. In bai samu hanyar fita ba sai ya ɓalle mata ta hanci, haɓo mai malala har ƙasa, ta faɗi sumammiya. Maganin abin shi ne ta ciji mutum, ba don ta sha nasa ba, sai don ta zuba masa nata. Wanda ta ciza kuwa zai wayi gari da kuzari da fara'a na ɗan lokaci.

Kowa a gidan yana da irin jinin da ke jan hankalinsa. Ren na bin masu gajiyar zuciya da matsin rayuwa, Calera na son jinin maƙaryata, Henry na masu girman kai. Ita Karin jininta yana tashi ne idan ta kusanci mutumin da ke cikin baƙin ciki. To ana haka sai ga sabon ɗalibi a ajinsu, Kenta Usui, yaro mai kaifin idanu da kowa ke ɗauka mugu ne, alhali yunwa ce da rashi suke cinsa. Da zarar ya matso kusa, jininta ya hau. Dabarar da ta yanke ita ce ta faranta masa rai don ta huta, sai ta fara dafa masa abincin rana tana kawo masa makaranta a ɗan mazubi.

Wannan mazubin abinci shi ne abin da na fi so a labarin gaba ɗaya. Kenta yana zaune da mahaifiyarsa Fumio su biyu rak, a ɗan ƙaramin ɗaki. Matar tana da kyau kuma ga ƙuruciya a fuska, duk inda ta samu aiki sai wani babba ya nemi ya yi mata rashin mutunci, ƙarshe ita ake sallama. Yaron yakan wuni bai sa komai a cikinsa ba, kuma ba ya roƙo. Don haka idan ya buɗe mazubin nan yana ci, yana godiya da gaske, ita kuma tana sunkuyar da kai fuska ta yi ja, sai na ji abin ya wuce wasa. Na yi dariya sosai a katun ɗin nan, amma wuraren Fumio sun sosa mini rai, musamman ganin yadda take ɓoye damuwarta don kada ɗanta ya gane.

Sai kuma iyalin Karin. Calera mace ce mai zafi, silifas ɗinta ba ya nisa da hannunta, kuma mijin da 'yar duk suna shan sa a ka. Henry ƙato ne mai ban tsoro a ido, amma kan 'yarsa sai ka ga ya rikice yana hawaye. Ren yana mata gorin cewa ita ba cikakkiya ba ce. Duk da haka ba wanda ya yar da ita. Sun san ba za su iya kare ta da rana ba, shi ya sa da Kenta ya gano sirrin gidan suka bar shi da tunaninsa, ba su goge masa abin da ya sani ba kamar yadda mashaya jini ke iya yi, bisa sharaɗin ya riƙa kula da ita a makaranta. Wadda ta fi ɗaukar nauyin kuwa ita ce autar gidan, Anju, yarinya marar yawan magana, kullum cikin baƙar riga, rungume da 'yar tsana mai suna Boogie mai riƙe da wuƙa da baƙar magana. Karin ba ta iya goge tunanin wanda ta ciza, sai Anju ta turo jemagunta su gyara ɓarnar. Ƙanwa ce ke rainon yayarta, tana kuma sane da cewa ranar da ita ma ta zama cikakkiyar mai shan jini, sun daina haɗuwa da rana ke nan. An nuna wannan a hankali, ba hayaniya, kuma ya yi kyau matuƙa.

Inda katun ɗin ya gajiyar da ni shi ne zuwan Winner Sinclair, mafaraucin mashaya jini da ya faɗa son Karin bai san ko ita wace ce ba. Babu shi a littafin asali, don katun aka ƙirƙiro shi, kuma ihunsa da shirmensa sun cinye lokacin da na so a ba Anju da Fumio. Barkwancin haɓon ma an maimaita shi har ya fara gundura a tsakiya. Zanen ba laifi, amma wanda ya saba da katun na yanzu zai ga tsufansa.

Ga iyaye, kada zanen yara ya ruɗe ku. Akwai barkwanci a kan jikin mace nan da can, ga halin Ren na bin mata, ga jini ko da yake na ban dariya ne. Ni ba zan kunna wa 'yan firamare shi ba.

Kusa da ƙarshe kakar su Karin, Elda, wadda kamarsu ɗaya da Karin, ta shigo da tsohon ciwon da ke tsakanin mashaya jini da mutane, labarin ya ɗan yi nauyi. Katun ɗin ya ƙare tun littafin bai kammala ba, domin shi sai 2008 aka rufe shi a mujalladi 14, don haka ƙarshensu ba ɗaya ba ne. Yanzu littafin nake nema, saboda ina son ganin yadda marubuciyar da kanta ta raba gardama tsakanin Karin da danginta.