Bitar tsoffin tambayoyi ko komawa tushe?

Iyaye a ƙauyukan Bichi suna yawan tambayata: yaro yana aji 3 na ƙaramar sakandare, jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare ta matso, a biya masa lesin na bitar tsoffin tambayoyi ne, ko a koma masa tushen karatu da lissafi?

Bita ta fi araha da sauri, yaro zai saba da tambayoyin canki-canka. Sai dai yawanci hadda ce: a ɗan juya tambayar, sai ka ga ya yi zuru yana tauna biro. Komawa tushe yana cin watanni, ga sharar gona tana jira, malamin da zai zauna da yaro ɗaya kuma sai an tona. Amma tushen ne ke raka yaro har babbar sakandare.

Yaron da ke karanta Turanci ya gane, yana harin kwalejin kimiyya ta Dawakin Tofa, bita ta ishe shi. Wanda ke haɗa baƙi da ƙyar, a koma masa tushe.