Zaɓen Inji da Batir Wajen Mayar da Keke na Lantarki

Wanda ke son mayar da kekensa na feda ya koma na lantarki da kuɗi kaɗan yakan fara da tambayar ƙarfin inji, alhali kuwa batir ne ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin, kuma shi ne ke fara mutuwa idan aka bi arha.

Injin da ya fi sauƙin kuɗi shi ne wanda ke zaune a cibiyar taya. Mai giya a ciki, na wat 250 zuwa 500, ba shi da nauyi, kuma idan caji ya ƙare ana iya taka feda a koma gida ba tare da ya riƙe tayar ba. Marar giya ya fi ƙarko, amma yana da nauyi, yana kuma ɗaukar zafi a hawan tudu. Tayar baya ta fi dacewa da injin cibiyar taya, domin ta gaba tana sulɓewa a rairayi, kuma idan ƙafar gaban keken ta alminiyom ce, ƙarfin juyawar inji na iya tsage bakin da tayar ke zaune, sai fa in an ƙara ƙarfen tokare. Injin tsakiya, wanda ke zaune a wurin feda, irin Bafang BBS02, yana ja ne ta kaca, saboda haka ya fi gwaninta a tuddai kamar na Jos, sai dai yana da tsada kuma yana saurin cinye kaca. Ga mai zirga-zirga a shimfiɗaɗɗen gari kamar Kano, ban ga dalilin wannan ƙarin kuɗin ba.

Lissafin batir kuwa ninkawa ne: mai 36V (ƙarfin wuta) da 10Ah (yawan cajin da yake riƙewa) yana ɗauke da 360Wh (jimillar wutar da ke cikinsa), wanda kan kai mutum wajen kilomita 30 idan yana taimakawa da feda. Batirin dalma yana da arha a ranar saye, amma guda uku masu 12V da 12Ah, da ake haɗawa a sami 36V, sun haura kilo 10, kuma idan ana tatse su ƙarƙaf ba sa daɗewa. Na litiyom ya fi, muddin ƙwayoyin cikinsa na gaske ne. Ƙwayar 18650, wato ƙaramin batirin da ake jerawa a cikinsa, ta kamfanoni irin su Samsung, LG da Panasonic ba ta wuce kimanin 3500mAh ba, nauyinta kuma wajen giram 45 ne, don haka duk wadda aka rubuta wa 9900mAh, kuma aka ji ta sakayau a hannu, jabu ce. A tabbatar akwai allon kariya na BMS, mai kula da caji da fitar wuta, a ciki. Inda zafin bazara ke haura digiri 40, batirin LiFePO4, wani nau'in na litiyom, ya fi juriya ko da yake ya fi nauyi.

A duba caja kafin a biya: batirin litiyom na ƙwayoyin 18650 mai 36V yana buƙatar caja mai 42V, mai 48V kuma 54.6V, kuma bai kamata a jona shi yana da zafi daga dawowa ba.